Su Wane Ne 'Yan Ba-ruwanmu?

Kun sha ji a labaran duniya ana cewa "ƙasashe 'yan ba-ruwanmu". Duk wanda ya fara raɗa wannan suna ya iya Hausa, sai dai sunan yana da ƙaya. Bahaushe in ya ce "ba ruwana", ya kakkaɓe rigarsa ke nan, ko gidan maƙwabci ke cin wuta ba zai ɗauko bokiti ba.

To, waɗanda suka haɗu a Bandung ta Indonesiya a 1955, aka zo aka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961 da ƙasashe 25, ba irin wannan ba ne. Tito na Yugoslabiya, Nasser na Masar, Nehru na Indiya, Sukarno da Kwame Nkrumah, abin da suka ƙi shi ne su shiga ƙawancen sojan Amurka ko na Tarayyar Sobiyat. Amma da an taɓo mulkin mallaka ko wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, sai ka ji muryarsu ta fi ta kowa. Ruwansu kam akwai shi, har tsundum. Ko da yake, a faɗi gaskiya, da aka yi taron Havana a 1979 Fidel Castro na Kyuba ya karɓi shugabancin ƙungiyar, alhali kowa ya san inda Kyuba ke cin tuwo, sunan ya ɗan zama abin murmushi.

A gida ma kalmar tana yawo. Mutumin da ba shi da katin jam'iyya, ko wanda in an tambaye shi Izala ko ɗarika ya ce shi Musulmi ne kawai, sai a ce masa ɗan ba-ruwanmu, galibi da sigar zargi, wai tsoro ne ko fuska biyu. Wani tsoron ne, ba musu. Wani kuwa ya auna ɓangarorin ne bai ga wanda zai miƙa wa wuyansa ba.

A fagen takara kuma sunansa indifenda. A Jamhuriyar Benin, Boni Yayi a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk sun hau mulki ba da tutar wata jam'iyya ba. A Najeriya kuwa, sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya zama ɗan jam'iyya, kuma ita ta tsayar da shi. Takardar ƙuri'ar ma, in kun lura, alamomin jam'iyyu ne a kanta.