Daga Teburin Malam: Mai Takobi Ko Mai Sihiri?

A wannan wata filin namu zai ɗan ratse daga maganar makaranta, ko da yake za ku ga ba mu yi nisa da allo ba.

Ran Asabar ɗin da ta wuce mun biya ta shagon wasannin kwamfuta na bakin tasha, muka tarar da samari biyu, dukansu tsofaffin ɗalibanmu, suna musu har jijiyar wuya ta tashi. Ɗaya na cewa a wasan Baldur's Gate 3 babu kamar mayaƙi mai takobi. Ɗayan na cewa mayaƙi ɗan dako ne kawai, masihirci shi ne mai gida. Da suka gan mu sai suka ce Malam ya raba gardama. Muka ce a ba mu mako guda, don alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a tsaye. Ga abin da muka samu.

Saboda iyayen da ba su san kan abin ba, bari mu fara daga tushe. A irin waɗannan wasanni mutum yakan zaɓi gwarzo guda, ya ba shi sana'ar yaƙi, ya raba masa maki tsakanin ƙarfi, zafin nama, juriya, basira da sauransu, sa'an nan ya bi shi cikin labari yana hawa mataki-mataki. Asalin tsarin ba a kwamfuta yake ba. Wasan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yinsa da takarda da fensir da dayis irin na ludo. Sana'o'i uku ne a farkonsa: mayaƙi, masihirci, da mai warkarwa. A 1975 aka ƙara ɓarawo. Da Final Fantasy ya fito a Japan a 1987, sana'o'i shida ya kawo, a zaɓi mutum huɗu. Shi kuwa Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, a 2023 ya fito da sana'o'i 12, ayarin mutum huɗu, kuma ba a wuce mataki na 12. Faɗan bi da bi ake yi, kamar dara: ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa.

To, mu ɗauki alli. Duk sara ko harbi a wasan nan, dayis mai fuska 20 ake jefawa, wato kowace fuska kashi 5 cikin 100 ke nan. Mu ce mayaƙi ya kai mataki na 5, ƙarfinsa 18. Ana ƙara masa 7 a kan abin da ya jefa. In sulken abokin gaba 15 ne, yana bukatar 8 ko fiye, fuska 13 daga cikin 20, wato kashi 65. Babban takobi na hannu biyu yakan cire maki 11 a matsakaici, kuma a wannan mataki mayaƙi sara biyu yake yi a kowane zagaye. In an haɗa da kuskuren da zai yi, abin da yake cirewa a zagaye guda bai wuce 14 da ɗoriya ba.

Masihirci fa? A mataki na 5 ne yake samun dunƙulen wuta, wanda ake jefa wa dayis takwas masu fuska shida, matsakaicinsu 28. Kuma ba mutum ɗaya yake ci ba, duk wanda ke cikin da'irar ne. In maƙiya huɗu sun taru wuri guda, 112 ke nan a jifa ɗaya, in kuwa duk sun yi sa'ar kaucewa, rabi, 56. Da muka rubuta wannan lamba sai mai goyon bayan masihirci ya fara murmushi. Muka ce ya dakata.

Sau biyu kaɗai masihirci ke iya jefa wannan wuta kafin ayari ya kwana, sai fa guda ɗaya da yake iya farfaɗowa tsakanin faɗa da faɗa. Bayan nan ya koma ƙananan sihiri, har ya dawo kan 'yar kibiyar wuta da ba ta ƙarewa, mai cire 11 in ta samu. Takobi kuwa ba ya ƙarewa. Kwana kuma ba kyauta ba ne, sai an kashe guzuri 40, ko 80 a tsarin wasa mai wuya. Sa'an nan ga maganar rai. In juriyarsu ɗaya ce, 14, mayaƙi yana da makin rai 44 a mataki na 5, masihirci 32, ga shi babu sulke mai nauyi. Wutar ma ba ta san ɗan gida ba. In mayaƙinka na tsakiyar maƙiya, har da shi za ta ƙona, sai dai in masihircin ya bi reshen da ke koya masa tsame 'yan'uwansa.

Wato dai tambayar da samarin suka yi tun farko a karkace take. Masu tarihi sun gaya mana yadda rundunar sarakunan ƙasar Hausa take: ga 'yan lifida a kan dawaki, ga 'yan baka a ƙasa, ga masu garkuwa. Ba a ce ɗan baka ya fi ɗan lifida, sai a tambaya a ina aka tsayar da kowanne. Haka nan ma. Aikin mayaƙi ya tare ƙofa ko bakin gada, maƙiya su cunkushe a gabansa. Cunkuson nan shi ne abincin masihirci. In babu mai tarewa, maƙiya sun watsu, wutar ta ci mutum ɗaya, su kuma su iso kan mai rai 32.

Abin da ya fi ba mu sha'awa, wanda kuma su biyun ba su ambata ba, shi ne wurin tsayuwa. Maharbin da ke kan tudu ana ƙara masa 2, wanda ke harbi daga kwari ana rage masa 2. Bambancin kashi 20 ke nan tsakanin sama da ƙasa, ba tare da an sayi ko da sabon baka ba. Haka kuma in ka sami galaba, misali ka fito daga maɓoya, dayis biyu za ka jefa ka ɗauki babba. Kashi 65 ɗin nan sai ya haura zuwa kusan 88. Ga kuma turi: mai ƙarfi yana iya hankaɗa abokin gaba ya faɗa rami, faɗa ya ƙare, ko da yake kayan jikinsa sun tafi tare da shi. Mun ga yaro ya yi haka ga wani babban maƙiyi, ya yi ta tsalle, daga baya aka gaya masa abin da ya yi asara.

Ɓarawo ba za mu daɗe a kansa ba. Sukarsa ta ɓoye tana ƙara dayis uku a mataki na 5, amma sau ɗaya a zagaye, kuma sai yana da galaba ko wani nasa na tsaye kusa da wanda zai soka. A fili mayaƙi ya fi shi. Amfaninsa na wajen buɗe kwado da kwance tarko.

Mai warkarwa ne aka fi zalunta. Yara sun ɗauke shi ma'aikacin asibiti, kowa ya ji ciwo a kira shi. Alhali maganin da yake jefawa daga nesa kaɗan ne ƙwarai, bugu ɗaya na maƙiyi ya shafe shi. Ranar wannan magani ita ce in wani ya faɗi, a tashe shi. Abin da ya fi shi ne ya sa wa mutum uku albarka tun farkon faɗa, a riƙa ƙara musu tsakanin 1 da 4 a kowane sara. Sai dai irin wannan sihiri guda ɗaya ake riƙewa a lokaci guda, kuma in aka buge shi yana iya suɓucewa, don haka shi ma a san inda aka ajiye shi.

Kuskuren da muka fi gani wajen gina gwarzo shi ne kwaɗayi. Wasan ya yarda a haɗa sana'a biyu ko uku, sai yaro ya ɗebi mataki biyu nan, biyu can, ya iso mataki na 5 ba shi da sara biyu, ba shi da dunƙulen wuta. Shawararmu, a riƙe sana'a ɗaya har mataki na 5, a zuba maki a abin da sana'ar ke ci da shi. Wanda ya riga ya ɓata, akwai wani ƙwarangwal a sansani mai suna Withers, zinariya 100 yake karɓa ya sake maka rabo.

Iyaye kuma, ga taku. A Turai an yi wa wannan wasa hatimin shekara 18, saboda akwai zubar da jini da abubuwan da ba su dace da yara ba. Mun ga 'yan aji shida a shagon nan suna leƙe ta bayan yayyensu, mun kuma yi wa mai shagon magana. Wasan yana iya cin sa'a 100 ga mai bin kowane lungu, ku auna wannan da lokacin jarrabawa. Amma ba za mu ɓoye muku ba, ɗaya daga cikin samarin nan sau biyu yana faɗuwa lissafin kashi cikin ɗari a ajinmu, ran nan kuwa shi ya riga mu fitar da 88 ɗin, da ka, ba takarda.

Hukuncin da muka kai musu shi ne, sabon shiga ya fara da mayaƙi, don kuskurensa ba ya kashe shi nan take. Wanda ya iya lissafin guzuri da wurin tsayuwa, masihirci zai fi yi masa aiki. Mai takobi ya ce shi ya yi nasara, mai sihiri ya ce ai Malam ya nuna nasa na gwanaye ne. Mun baro su sun koma kan wani sabon musun, wai tsakanin sufi mai faɗa da hannu da jarumi mai rantsuwa, wa zai riga kayar da wani.