Biza ɗaya, mutum biyu: abin da ke jiran ma'aurata bayan sun sauka a Birtaniya

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, ka san irin bidiyon. Miji da mata a filin jirgin Abuja da manyan akwatuna, sai hoton gajimare ta tagar jirgi, sai ga su cikin rigunan sanyi suna murmushi a wani titi mai tsafta. A ƙasa kuma 'yan'uwa na ta rubuta "Allah Ya sa mu a danshinku". Daga nan bidiyon ya ƙare. To rayuwar kuma daga nan take farawa, kuma ita ce ba a cika ɗora mana ba.

Ina so mu duba wannan shekarar ta farko, ni da kai da ke, musamman ma idan ana ta shirin aure da niyyar "da an ɗaura sai waje". Mu ɗauki birnin Bradford da ke arewacin Ingila, kusa da Leeds. Na zaɓe shi ne domin yana cikin garuruwan da suka fi sauƙin zama ga Musulmi baƙo. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen yankin Musulmi ne. A unguwa irin Manningham za ka samu masallatai da shagunan naman halal ba tare da wahala ba, kuma kuɗin haya bai kama ƙafar na Landan ba. Idan har a irin wannan gari aure na shan gwaji, ka ƙiyasta sauran.

Farko dai, ƙofar da mutane suka bi shekaru uku da suka wuce ta ƙuntata sosai. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta bayar da biza kusan 136,000 ga iyalan ɗalibai, alhali a 2019 kusan 16,000 ne kacal. 'Yan Najeriya ne kan gaba a jerin, da 'yan rakiya sama da 60,000. Wannan ne ya sa daga Janairun 2024 aka hana mai karatun digiri na biyu na shekara ɗaya tafiya da iyali. Waɗanda aka bari su ne masu digirin bincike irin digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya kawo iyali, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga ƙasashen waje gaba ɗaya. Ma'aikatan jinya da likitoci har yanzu suna iya tafiya da mata ko miji. Saboda haka duk ejan da ya ce maka yau zai kai ku ku biyu da bizar kula da tsofaffi, riƙe kuɗinka.

Ga wanda ya samu hanya, abin da ya kamata ya fahimta tun daga gida shi ne cewa bizar ta mutum ɗaya ce. Ɗayan ɗan rakiya ne, kuma zamansa a ƙasar yana rataye da na farkon. Sau da yawa matar ce mai bizar, domin ita ce ma'aikaciyar jinya ko ita ta samu gurbin karatu. Ka ga ke nan namijin da a Kano ko Kaduna shi ke fita ya kawo cefane, a takardun Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya sunansa yana ƙarƙashin na matarsa. Idan kuma mijin ne ɗalibi, doka ta yarda ya yi aiki awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu, ita kuma 'yar rakiyar tana da damar yin cikakken aiki. Lissafa da kanka: mafi ƙarancin albashi da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa. Awa 20 ta ba ka kusan fam 244 a mako. Wannan ba zai riƙe gida ba. Amaryar da aka yi wa alkawarin "ke dai ki zauna ki huta" za ta tsinci kanta tana tashi da asuba zuwa aiki a ɗakin ajiyar kaya ko gidan tsofaffi.

Wannan fa ba aibu ba ne. Matsalar ita ce ba a tattauna shi kafin a tashi. Ana zuwa da tsarin gida irin namu a ka, a tarar da tsarin da ya juya shi. Ta dawo daga aikin awa 12, ta tarar da kwanuka a jibge da maigida yana jiran tuwo. Shi kuma ya wuni a ɗaki yana neman aiki a waya, ga digirinsa ba wanda ya tambaye shi, zuciyarsa a cunkushe, yana jin girmansa na zubewa. Kowa na ganin shi aka zalunta. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma canjin yana zuwa da ciwo idan mutum bai san za a canza kiɗan ba.

Sai maganar kuɗi. Kafin ma a hau jirgi, ɗalibi da ɗan rakiyarsa kowanne zai biya fam 776 na kowace shekara a matsayin kuɗin kiwon lafiya, kuma sai an nuna fam 680 na kowane wata, har wata tara, domin ɗan rakiya idan a wajen Landan za a zauna. Bayan an sauka, mai gidan haya zai nemi kuɗin ajiya da zai iya kaiwa na mako biyar, ya duba takardar izinin zamanku, kuma sau da yawa ya nemi wanda zai tsaya muku a cikin ƙasar. Ku da kuka zo jiya, wa zai tsaya muku? Shi ya sa ma'aurata da dama ke fara zama a ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka, suna raba kicin da banɗaki da mutanen da ba su sani ba. Ga kuɗin wuta da gas na ɗumama gida, wanda a lokacin sanyi yake cin aljihu. Kuma a bizar an rubuta cewa ba ku da haƙƙin tallafin gwamnati. In abu ya ƙare, ya ƙare.

Wanda ya dogara da kuɗin da za a turo daga gida shi ma ya ga darasi. Bayan da aka saki darajar Naira a Yunin 2023, fam ɗaya ya haura Naira 2,000 a 2024. A Mayun shekarar BBC ta ba da labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa kammala biyan kuɗin makaranta. Ka tuna, idan bizar ɗalibi ta faɗi, ta iyalinsa ma ta faɗi tare da ita. Su kuma mutanen gida lissafi ɗaya suke yi, su ninka albashinka da dubu biyu su ga ka zama attajiri. Kiran waya zai fara: kuɗin makarantar ƙane, bikin ƙanwa, asibitin gwaggo. A nan ma rigima ke kunno kai, dangin wa za a fara turawa, kuma daga albashin wa?

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi, wato mutane. A gida aure ba na mutum biyu ba ne. In an samu saɓani akwai uwa, akwai waliyyi, akwai aminiyar da za a kai wa ƙara, akwai majalisar da namiji zai je ya sha iska ya huce. In an haihu akwai mai zaman jego. A Bradford ku biyu ne da bango huɗu. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. Masallaci na nan cike da jama'a, amma yawancinsu 'yan asalin Pakistan ne, kuma gaisuwar sallama daban, samun wanda za ka buɗe wa cikinka daban. Idan da yara, gidan rainon yara na da tsada ƙwarai. Awa 15 a mako da ake bai wa kowane yaro mai shekara uku zuwa huɗu kyauta ba ta isa ma'aikaci ba. Dole ake raba lokaci, ɗaya aikin dare, ɗaya na rana, a riƙa haɗuwa a bakin ƙofa ana miƙa yaro. Watanni sai su wuce ba a zauna an yi hira ta minti talatin ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi. Idan aure ya mutu a can, doka ta ce a sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, kuma yawanci ana rage wa ɗan rakiya izinin zamansa zuwa kwana 60, ya nemi wata bizar ko ya tattara ya koma. Wannan ya sa biza ta zama sanda a hannun wanda yake da ita. "Ni na kawo ki" ko "ni na kawo ka" magana ce da ke da haƙora a can. Ya kamata ki sani, ya kamata ka sani, cewa duka da barazana da ƙwace wa mutum albashi ko fasfo laifi ne a dokar ƙasar, kuma lambar 'yan sanda 999 ce. Tun Fabrairun 2024 an faɗaɗa wani sassauci da ke bai wa matar ko mijin ɗalibi ko ma'aikaci da aka ci zarafinsa izinin zama na wata uku na kansa, tare da damar samun tallafi, domin ya samu ya tsara rayuwarsa. Haka kuma sakin baki da aka furta a cikin Birtaniya bai raba aure a idon dokarsu ba, sai an bi ta kotu. Mai tunanin ƙara aure shi ma ya sani cewa dokar shige da fice ba ta ba da bizar aure ga mata ta biyu alhali ta farko na can.

Wani zai ce ai duk da haka gara can, akwai wuta, akwai tsaro, akwai asibiti da makarantar yara. Gaskiya ne, kuma babu mai musun cewa ma'aurata da yawa sun tsallake shekarar farko sun ginu, har wasu ma sun fi shaƙuwa saboda ba su da kowa sai juna. Sai dai hanyar zama na dindindin tana ƙara tsawo. Tun Yulin 2025 albashin da ake buƙata domin bizar ƙwararrun ma'aikata ya kai fam 41,700 a shekara ga yawancin ayyuka. Izinin zama bayan kammala karatu zai ragu daga shekara biyu zuwa wata 18 daga Janairun 2027, ban da masu digirin digirgir. A Mayun 2025 kuma gwamnati ta fito da shawarar mayar da jiran izinin dindindin shekara goma maimakon biyar ga mutane da yawa. Ma'ana, wannan zaman na ɗaya rataye da ɗaya zai iya ɗaukar tsawon lokacin da yaro zai gama firamare.

Don haka kafin ku biya ejan ko ku sayar da fili, ku zauna ku biyu, ba tare da waya a hannu ba, ku amsa wasu tambayoyi. Wa zai yi girki ranar da ɗaya ya kwana a wurin aiki? Albashi asusu ɗaya zai shiga ko kowa da nasa? Nawa za a riƙa turawa gida a wata, kuma ga su wa? Haihuwa yanzu ko a jira? In aka yi faɗa, wane babba ne ku duka kuka yarda a kira? Kowa ya riƙe fasfonsa, kowa ya san yadda zai shiga shafin bizarsa ta intanet da kansa. Kuma ku yanke tun yanzu, idan shekara biyu ta wuce abin bai yi ba, za ku iya dawowa gida tare ba tare da jin kunyar surutun mutane ba? In kun kasa amsa waɗannan a falon gidanku inda iyaye ke kusa, amsa su a ɗaki ɗaya cikin sanyin Janairu zai fi wuya.