Ɗan Sanda Ba Alƙali Ba Ne

Malam, na karanta maƙalarka wadda a cikinta ka yi da'awar cewa direban adaidaita sahu da ya gaza biyan kuɗin mako maci amana ne, kuma wajibi ne ɗan sanda ya ƙwace keken ya miƙa wa mai shi. Wannan magana, in an auna ta da ma'aunin shari'a, ba ta da hujja. Dokar 'yan sandan Nijeriya ta 2020 ta haramta kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kaɗai, dokar sayen kaya a biya sannu-sannu ta 1965 kuwa ta tanadi cewa wanda ya biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin abin hawa, hukuncin raba shi da shi na kotu ne.

Da idona na ga wani magidanci a ƙofar caji ofis, rasit-rasit ɗinsa ƙunshe cikin leda, saura makonni kaɗan ya kammala biya, ga kekensa an sace masa iskar taya, yana roƙo babu mai saurarensa. Mai keke yana da hakki, babu shakka, amma gaban alƙali zai neme shi, inda ake jin ta bakin kowa. Ka ji tsoron Allah, Malam, ka janye wannan fatawa.