Dokar Gashi A Makaranta: Da Kan Wa Aka Yi Awo?

Ranar 31 ga Agustan 2023 wata makarantar sakandare ta gundumar Barbers Hill, a garin Mont Belvieu da ke gabas da Houston a jihar Texas ta Amurka, ta fitar da wani ɗalibi baƙar fata daga aji. Bai yi sata ba, bai daki malami ba, ba a kama shi da ƙwaya ba. Laifinsa gashin dada da ya tara, wanda ma ya nannaɗe shi tsaf a tsakiyar kansa. Makarantar ta ce dokarta ita ce kada gashin namiji ya wuce gira, ko ƙasan kunne, ko wuyan riga, kuma ko an ɗaure shi, tsawonsa idan an sake shi ake dubawa.

Abin mamakin, washegarin ranar ce dokar da ake kira CROWN ta fara aiki a Texas, wadda gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu, dokar da ta hana a nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda kitso, ko dada, ko yanayin gashin jinsinsa. California ce ta fara yin irinta a 2019, jihohi sama da 20 suka bi. Amma da aka je kotu, ranar 22 ga Fabrairun 2024, alƙali Chap Cain ya ce makaranta ba ta karya doka ba, wai dokar ta ambaci salon gashi, ba ta ambaci tsawo ba. To jama'a, don Allah ta yaya ake dada da gashin da bai yi tsawo ba? Yaron ya cinye kusan shekarar karatu guda tsakanin ɗakin horo da makarantar ladabtarwa, daga ƙarshe ya bar musu makarantarsu.

Shugaban gundumar, Greg Poole, bai ɓoye abin da ke ransa ba. A wani shafin talla guda sukutum a jaridar Houston Chronicle a Janairun 2024, ya bayyana cewa zama Ba'amurke yana buƙatar mutum ya bi sahu ya zama kamar kowa. Ku riƙe wannan magana, don za ku sake jin ta a bakin wasu mutanen da ba su haɗa harshe ko addini da shi ba.

Mu tsallaka teku zuwa Japan. A 2017 wata ɗaliba ta kai gwamnatin lardin Osaka ƙara kan makarantar sakandare ta Kaifukan. Ta ce da gashi mai ruwan ƙasa aka haife ta, amma malamai suka matsa mata sai ta rina shi baƙi, rini bayan rini, har aka kai ana so ta yi duk bayan kwana huɗu, fatar kanta ta yi ciwo. Da ta daina zuwa, sai aka ɗauke teburinta daga aji, aka goge sunanta daga rajista. Ta nemi diyyar yen miliyan 2.2. A Fabrairun 2021 kotu ta ba ta yen 330,000 saboda goge sunan, amma ta ce dokar gashin tana kan ƙa'ida, ta kuma karɓi bayanin malamai cewa sun duba tushen gashin sun ga baƙi ne. Wato shari'a ta koma ana tone kan yarinya ana leƙen saiwar gashi.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken jaridar Asahi a 2017 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na makarantun sakandaren gwamnati a Tokyo suna neman takardar shaida daga ɗalibin da gashinsa bai yi baƙi ba ko bai miƙe ba, wasu har da hoton ƙuruciya, don a tabbatar haka Allah ya yi shi. A 2023 kuma, a garin Himeji, wani ɗalibi da mahaifinsa baƙar fata ne ɗan Amurka ya zo bikin yaye ɗalibai da kitso irin na dangin ubansa. Aka ware shi a saman bene shi kaɗai, aka ce ko an kira sunansa kada ya amsa.

A nan ne gardama ke tashi, kuma ita ce ta sa muka ɗauko maganar. Da zarar an taɓo Japan sai wani ya ce: ina ruwanku? Al'adarsu ce. Mutane ne masu tsari da ladabi, yaransu da kansu suke share ajinsu, ba sa son ɗaya ya fita zakka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Su Turawan da ke musu dariya a jaridu, ina suke lokacin da ake hana yaro aji a Texas?

Rabin maganar nan gaskiya ce, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa saninta. Mun daɗe muna jin mutanen da ba su taɓa kwana a cikinmu ba suna yanke wa tufafinmu da aurenmu da tarbiyyarmu hukunci daga nesa. Laifi tudu ne. Wanda ya zauna a Landan ko Niyok yana kiran wasu al'ummai marasa wayewa saboda dokar gashi, ya fara duba makarantar unguwarsu. A Landan ɗin ma sai da aka biya wata ɗaliba fam 8,500 bayan an yi ta mayar da ita gida saboda cikar sumarta. Don haka ba mu tare da masu raina Japan.

Amma ɗaya rabin ba ya tsayuwa. Su wa suka kai ƙara a Osaka? 'Yar Japan ce. Su wa suka yi ta tattara sa hannu, suka laƙaba wa irin waɗannan ƙa'idoji sunan baƙaƙen dokokin makaranta? Iyaye da ɗalibai da lauyoyin Japan ne. Su wa suka soke tilasta rina gashi baƙi a makarantun gwamnatin Tokyo daga shekarar karatu ta 2022? Hukumar ilimin Tokyo ce da kanta, bayan an zauna da ɗalibai. To idan ka ce "al'adarsu ce, a ƙyale su", da wa ka tsaya a cikinsu? Da shugaban makaranta ka tsaya, ka bar yarinyar da fatar kanta ke ciwo, alhali ita ma 'yar gida ce, ita ma tana da haƙƙi a cikin wannan al'ada. Mai ƙarfi a kowace ƙasa ya iya kiran son ransa al'ada, don ya san da ya faɗi haka baƙo zai ja baki ya yi shiru.

Ku lura da abin dariya, in ana dariya a irin wannan: a Osaka baƙi ake nema dole, a Texas gashin baƙar fata ake hukuntawa. Launi daban, ciwo ɗaya. A duka biyun an ɗauki kan masu rinjaye an mai da shi mudu, duk wanda nasa bai shiga ba sai ya yanke, ko ya rina, ko ya shafa sinadari ya miƙar. Yaron da gashinsa ya dace da mudun, shi dokar ba ta neman komai a wurinsa, ya tashi da safe ya taje ya tafi. Ɗayan kuwa sai ya kashe kuɗi da lokaci, wani zubin har da lafiya, kafin a yarda ya zauna a kujerar da ubansa ma ya biya wa haraji. Shi ya sa "ai doka ɗaya ce ga kowa" ba amsa ba ce. Takalmi lamba ɗaya ga kowa ma ai doka ɗaya ce.

Wanda ke ganin gashi ƙaramin abu ne ya tuna Afirka ta Kudu. Zamanin wariyar launin fata, fensir ake soka wa mutum a suma. In ya zame ya faɗi ko ya maƙale, da wannan ake taimakawa a yanke ko kai wane jinsi ne, daga nan a yanke unguwar da za ka zauna da wadda za ka aura. Shekara 22 bayan zaɓen Mandela, a Agustan 2016, 'yan mata baƙar fata a makarantar Pretoria High School for Girls sai da suka fito zanga-zanga saboda malamai na cewa sumarsu ba ta da tsafta, su je su miƙar da ita. Kwamishinan ilimin lardin Gauteng na lokacin, Panyaza Lesufi, ya je da kansa ya dakatar da dokar.

Ba muna cewa makaranta ba ta da ikon kafa doka ba ne. Tana da shi. Ta ce a wanke kai, a kula da ƙwarƙwata, a ɗaure gashi a ɗakin gwaje-gwaje ko kusa da inji, a bar almubazzaranci da gasar ado tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, duk wannan iyaye za su sa hannu da murna. Dalilin yana fili, ana iya faɗa wa yaro ya fahimta. Dokar da muke ƙi ita ce wadda in ka tambayi dalilinta sai a ce "haka muke yi a nan", sannan ka duba ka ga kullum ɓangare ɗaya take sara.

Yanzu sai mu shafa wa gemunmu ruwa. Hujjar da Poole ya kawo a Texas, ita ce hujjar da gwamnatin Legas ta riƙe lokacin da ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta: kayan makaranta iri ɗaya, kada wani ya fita daban. Babbar kotun jihar ta goyi bayan gwamnati a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2016, sai ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa yaran haƙƙinsu, alƙalai 5 suka rinjayi 2. Shekara takwas ana jan abu ɗaya. Da yawanmu mun yi murna ranar, kuma ya dace mu yi. Mun ce ba a sa yarinya ta zaɓi tsakanin karatu da addininta. Madalla. Sauran tambaya ɗaya: wannan ƙa'ida, muna riƙe da ita ne saboda gaskiya ce, ko saboda a ranar ta faɗo a kan namu?

Gwajin yana Ghana. Achimota makaranta ce mai tarihi, an buɗe ta a 1927 zamanin gwamna Guggisberg, a nan Kwame Nkrumah ya yi karatun malanta, kuma tambarinta madannan fiyano ne baƙi da fari, alamar sai an haɗa biyun sauti ke daɗi. A Maris 2021 wannan makarantar ta ƙi karɓar wasu ɗalibai biyu 'yan Rasta da suka ci jarrabawa, gwamnati ta tura su can, sai in sun aske dada. Ba Bature a cikin labarin nan. Baƙi ne suka hana baƙi, da doka irin ta makarantun kwanan da muka gada daga Turawan mulki muka rungume har muka manta ba kakanninmu suka kawo ta ba. Hukumar ilimin ƙasar ta fara cewa a karɓe su, ƙungiyar malamai ta NAGRAT ta tada jijiyar wuya, hukumar ta janye. An ji irin maganganun da kuka sani: in aka bar waɗannan gobe kowa zai zo da nasa, tarbiyya za ta lalace.

Mun sani, da yawa daga cikin masu karanta wannan ba sa son ganin dada a kan namiji, wasu ma da sun hango sai su ce ɗan wiwi ne. Irin wannan kallon ne 'yan sandan SARS suka riƙa tare matasa da shi a titi kafin zanga-zangar 2020. Ba wanda ya ce sai ka so, ba wanda ya ce ka bar ɗanka ya tara. Gidanka naka ne. Amma makarantar gwamnati ba gidanka ba ce, ta kowa ce, kuma uban ɗan Rasta yana faɗin abin da uban mai hijabi ya faɗa a Legas, kalma da kalma: wannan imaninmu ne, kada ku sa yaro ya biya kuɗin karatu da shi. Ba zai yiwu mu tafa wa Kotun Ƙoli a Abuja, sannan mu tafa wa hukumar Achimota a Accra ba. Hannu ɗaya ne ke tafin.

Ranar 31 ga Mayun 2021 babbar kotun Accra, ƙarƙashin mai shari'a Gifty Agyei Addo, ta umarci Achimota ta karɓi yaran, ta ce hana su ya tauye musu haƙƙin ilimi da na addini. Ɗaya daga cikinsu ya shiga, ya ɗauki fannin kimiyya, ya zauna a aji ɗaya da masu aski ƙwal-kwabo. Da sakamakon WAEC na 2023 ya fito, A1 ya samu a darussa takwas ɗin da ya rubuta, da dadarsa a ka.