Baƙon Kwamfuta Ma Yana Bukatar Maigida

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan baro Kano ya yi watanni a hanya, ya ratsa Yendi, ya sauka a Salaga domin sayen goron da ake kawowa daga ƙasar Asante. Falke ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Sai ya fara sauka wurin maigida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Wannan tsohon tsari nake tunawa idan na ga an zaunar da mutum gaban kwamfutar da babbar manhajarta ba wadda ya saba da ita ba ce. Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da na'urar baki ɗaya, irin su Windows da Ubuntu. Batun ya zama na gaggawa, domin tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Makaranta ko shagon buga takardu a Bawku, ko Yendi, ko Salaga, da ke lallaɓa kwamfuta ta hannu, manyan zaɓinsu uku ne: su sayi sabuwa, su ci gaba da tsohuwar manhajar ba kariya, ko su koma wa dangin Linux, waɗanda yawancinsu ba a biyan ko sisi a kansu. Wanda ya zaɓi na ukun ya zama baƙo a ɗakinsa.

A ganina, yawancin masu taimakon irin wannan baƙo ba su iya saukar baƙi ba. Mai sani kan karɓe linzamin kwamfutar daga hannun mai koyo, ya danna nan ya danna can cikin ƙiftawar ido, ya ce an gama. Aiki ya yi, amma mai koyo bai ƙaru da komai ba, gobe ma sai ya sake kira. Wani kuma sai ya fara da tarihi, yadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro Linux a ƙasar Finland a 1991, da yadda Ubuntu ta fito a 2004. Duk gaskiya ne, sai dai wanda ya iso da ƙura a ƙafa ruwa yake so tukuna.

Maigida na gari yakan fara da nuna wa baƙo inda kayansa suke. Tsoron farko na wanda aka sauya wa manhaja shi ne ko takardunsa da hotunansa sun salwanta. A nuna masa su, ya buɗe da hannunsa, hankalinsa ya kwanta. Daga nan a ɗora sabon abu a kan wanda ya sani: mai wayar Android ya riga ya san ma'ajiyar da ake sauko da manhajoji, kuma ita kanta Android a kan Linux aka gina ta. Takardar da ya rubuta da Word ma za ta buɗu da LibreOffice, ko da yake wani lokacin tsarin shafin kan ɗan goce, kuma gara a faɗa masa haka tun da wuri.

Ga ɗalibin Hausa akwai abin da ya fi waɗannan. Cikin jerin tsare-tsaren madannai da ke zuwa da Linux akwai na Hausar Najeriya, akwai kuma na Hausar Ghana, kusa da na Akan da Ewe da Ga. Wanda aka nuna wa yadda zai kunna shi ya rabu da rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, ko "bata" a wurin "ɓata". Aikin minti biyu ne, amma ba kasafai ake nuna shi ba, domin mai koyarwar ma da Turanci yake rubutu.

Sai tafinta. Salaga ta Gonjawa ce, Yendi ta Dagomba, a Bawku kuma ana jin Kusaal da wasu harsuna, amma a zango da kasuwa Hausa ce ke haɗa mutane da yawa. Me zai hana a yi bayanin da ita? Wasu na cewa ba mu da kalmomin, kuma jarrabawa da Turanci ake yin ta. Batun jarrabawa gaskiya ne, don haka a bar sunan da ke rubuce a fuskar kwamfutar yadda yake, amma a faɗi aikinsa da Hausa: wannan jaka ce ta ajiye takardu, wancan kwandon shara ne, abin da ka jefa ciki yana nan har sai ka zubar. Dattijon da ke rubuta lissafin shagonsa a Bawku ba jarrabawa zai zauna ba. Yana so ne ya san inda lissafin jiya ya shiga, da yadda zai kashe na'urar ba tare da ya ɓata komai ba.