Larabci da Faransanci: Don Me Sai Ɗan Daura Ya Zaɓi Ɗaya?

Sau da yawa idan ɗalibin sakandare ya kai matakin zaɓen darussan da zai rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO, akan jera masa Larabci da Faransanci tamkar kishiyoyi, a ce ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ko ma ya watsar da su duka ya rungumi Ingilishi kaɗai. Wasu iyayen na ganin Larabci na masu son zama malaman addini ne, Faransanci kuwa kayan ado ne na 'yan boko. A ganina, ɗan masarautar Daura yana bukatar harsunan nan biyu tare.

Dubi inda Allah Ya ajiye mu. Daga Daura zuwa Kwangwalam a ƙaramar hukumar Mai'adua tafiya ce gajeriya, da ka tsallaka kuwa ka shiga ƙasar Nijar, hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram. Ta ɓangaren Ɓaure, Babban Mutum na kallon Magarya. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta raba dangi da auratayya ba, amma ta raba harshen takarda. Ɗan kasuwa zai yi cinikinsa da Hausa lafiya lau, sai an miƙo masa takardar kwastan ko yarjejeniyar haya ya koma neman mai karanta masa. Gaskiya ne a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to amma ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura. Wa zai zauna a ofisoshin da za su biyo bayansa, idan 'ya'yanmu ba sa iya karanta abin da maƙwabci ya rubuta?

Larabci kuwa bukatarsa ta fi zurfi, sai dai a nan ma akwai gyara. Yaro zai shekara goma tsakanin makarantar allo da Islamiyya, ya haddace izu masu yawa, amma ya kasa rubuta wasiƙa mai layi biyar da Larabci. Hadda alheri ce babba, sanin harshe kuma wani abu ne daban. Darasin Larabci na sakandare shi ya kamata ya cike wannan giɓi, ya koya wa ɗalibi nahawu da rubutu da magana, har ya iya buɗe Ahalari ko Risala ya fahimta da kansa kafin malam ya yi masa sharhi.

Masu ɗari-ɗari da harshen Turawa su tuna cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umarci Zaidu bin Sabit, Allah Ya ƙara masa yarda, ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuma ƙware cikin kimanin rabin wata, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Wannan hujja ta wadatar. Ba sai an jingina ga zancen nan da ya yaɗu na cewa sanin harshen mutane kariya ne daga makircinsu ba, domin malaman hadisi ba su tabbatar da shi daga Annabi ba. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Akwai ƙorafi mai nauyi: yaron da Ingilishi ke kayar da shi, yaya za a ƙara masa kaya? To, abin da ke kayar da shi rashin ƙwararren malami ne da cunkoson aji. Yaron da ya san fi'ili da fa'ili a Larabci ba ya shan wahalar gane su a wani harshe. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, amma shelar ba ta haifar da isassun malamai ba, musamman a karkara.

A nan Daura ke da damar da Legas ba ta da ita. A tsallaken iyaka akwai Hausawa Musulmi da suka yi karatu da Faransanci, wasunsu a makarantun da ke haɗa shi da Larabci, irin su Jami'ar Musulunci ta Say. Ma'aikatar ilimi ta Jihar Katsina na iya ɗaukar irinsu da kwantiragi, ƙungiyoyin iyaye da malamai kuma su roƙi shugabannin makarantu su daina sanya darussan biyu a sa'a ɗaya a jadawali. Inda hakan ya gagara, makarantun Islamiyya na yamma su ɗauki nauyin nahawu da insha'i, domin ɗalibi ya iya rajistar darussan biyu a jarrabawarsa ta ƙarshe.