Wuta Tana Cin Bakin Kurmin Ngel Nyaki

'Yan'uwa manoma, a kan tsaunin Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa, akwai kurmin Ngel Nyaki wanda hukuma ta keɓe tun 1969. Yana manne a gangaren dutse, inda hazo kan kwana cikin manyan itatuwa. Ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa shi ke riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa cikin rafuffuka har rani. Amma duk shekara wutar da ake cinna wa ciyawa takan ci bakin kurmin, shanu kuma su tattake tsiron da ya rage. A ganinmu, kafin ciyawa ta bushe, ƙungiyoyin da ke kewaye su zauna da makiyaya, a haɗu a share fili tsakanin ciyawa da kurmi, wuta ta tsaya nan.